Al'ummomin Duwatsun Gwoza: Komawa Gida da Makomar Harsunansu

Tun da gwamnatin Jihar Borno ta fara rufe sansanonin 'yan gudun hijira na Maiduguri a 2021, ciki har da na Bakassi da ya karɓi mutanen Gwoza da dama, muhawara ta tsaya kan tsaro da gine-gine. Batun da ba a cika tattaunawa ba shi ne harshe.

Duwatsun Gwoza, ɓangare na tsaunukan Mandara, mazauni ne na al'ummomi irin su Glavda, Guduf, Dghweɗe, Lamang da Mafa, kowace da harshenta. A gida guda ana iya samun Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya. Ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 ta tabbatar da yankin a Najeriya, ta bar 'yan'uwansu da dama a Kamaru. Da Boko Haram ta kama Gwoza a watan Agustan 2014, jama'a suka watse zuwa Maiduguri, Adamawa, Abuja da sansanin Minawao na Kamaru. Sojoji sun ƙwato garin a Maris 2015, amma ƙauyukan kan dutse da yawa ba su sake rayuwa ba.

Nan ne matsalar take. Harshen dutse yana tafiya ne da gonakin tudu, da sunayen wurare, da bukukuwan girbi. Yaron da aka haifa a sansani a 2015 ya tashi da Hausa a bakinsa, kuma tsugunar da iyayensa a Pulka ko cikin garin Gwoza, inda Hausa ce harshen kasuwa, ba zai sauya hakan ba.

Al'ummomin Naga, mazauna tsaunukan iyakar Indiya da Myanmar, sun yi kama da su: ƙabilu da yawa, harsuna mabambanta, iyakar da ta raba dangi, da dogon rikici. Su ma suna da harshen hulɗa, Nagamese. Sai dai bayan kafa jihar Nagaland a 1963, sashe na 371A na tsarin mulkin Indiya ya kare dokokinsu na gargajiya da mallakar ƙasarsu, kuma ana koyar da harshen Tenyidie har a jami'a.

Borno ba ta buƙatar gyaran tsarin mulki kafin ta fara. Jami'ar Maiduguri tana da masana harshe, kuma dattawan da suka san iyakokin gonaki da sunayensu suna raye, sai dai shekaru na ci gaba da rage su.