Linux: Kada A Zubar Da Ruwan Tulu Don An Ga Hadari

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, ake ta ba masu tsofaffin kwamfutoci shawarar su koma Linux, tunda kyauta ne kuma ba ya buƙatar sabuwar na'ura. Shawarar tana da kyau. Sai dai akwai wani sauyi da ake yi a cikin Linux wanda ya kamata 'yan uwa masu gyaran kwamfuta da masu shagon buga takardu su sani kafin su ɗora wa wani.

Duk abin da ka gani a allon kwamfuta, akwai tsarin da ke zana shi, shi ne kuma ke kai abin da ka danna inda ya dace. Tsohon tsarin shi ne X11, wanda ya fito a 1987. Sabon kuwa Wayland, wanda Kristian Høgsberg ya fara a 2008. Fedora ya koma kansa a 2016. Ubuntu ya gwada a 2017, ya ja da baya a 2018, ya sake komawa a 2021. A 2025 kuma GNOME 49 ya zo da zaɓin X11 a kashe.

Masu Wayland suna da hujja. A X11, kowace manhaja za ta iya leƙen tagar wata, ta kuma karanta abin da kake bugawa, har da lambar sirrinka. Wayland ya rufe wannan ƙofa. Matsalar ita ce, ba ɓarawo kaɗai ke bi ta nan ba. Orca, manhajar da ke karanta wa makafi allo, sai ta ji maɓallan da ake dannawa kafin ta bi umarni. Shekaru aka yi makafi na fama da ita a Wayland, sai a GNOME 48, a Maris 2025, aka samar mata hanya ta musamman. Mai laluran hannu da ke sarrafa kwamfuta da murya ko da xdotool ma ya gamu da cikas. Tsohuwar manhajar taro ko ta gyara daga nesa takan nuna baƙin allo idan ba a sabunta ta ba.

Mu ma abin ya taɓa mu. Linux yana da tsarin madannai na Hausa mai ƙ, ɗ da ɓ, amma wanda ya saba saita shi da setxkbmap ko xmodmap zai tarar dabarar ba ta ci a Wayland. Dole ya bi ta saitin GNOME ko KDE.

A ganina, tsaro bai isa hujjar cire tsohuwar hanya ba muddin sabuwar ba ta ɗauki kowa ba. Mai ido idan wani abu ya ƙi, zai lalubo mafita a intanet. Makahon da Orca ta yi masa shiru, da me zai lalubo? Kuma kowane tebur, GNOME ko KDE ko wani, da nasa gyaran, abin da ya yi aiki a nan ba lallai ya yi a can ba.

Don haka kafin ka ɗora wa mutum Linux, tambaye shi aikin da yake yi da kuma lalurarsa. Rubuta echo $XDG_SESSION_TYPE a tagar umarni, za ka ga tsarin da ke aiki. Gwada Orca, nuna allo a taro da haruffan Hausa a gabansa. Idan abin ya ƙi, Ubuntu 24.04 na da zaɓin Xorg a wurin shiga, Linux Mint 22 kuma yana kan X11, dukansu da tallafi har 2029. Wanda ya ba ka kwamfutarsa, abincinsa ya damƙa maka.