Jak Ɗagawa Yake Yi, Ba Riƙewa Ba

A makon jiya, sa'ad da na kai tsohuwar Peugeot 404 da na gada daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa, wani gareji a bayan gari domin a duba birkinta na baya, na ga abin da har yau bai bar zuciyata ba. Mai garejin ya cusa jak ƙarƙashin aksil, ya ɗaga motar har tayoyin biyu suka bar ƙasa, ya tura rabin bulo da ƙafarsa, sa'an nan ya dubi wani yaro ɗan shekara 12 ya ce, "Kai, shiga ka kwance mini notin nan." Ban san lokacin da na riƙe wuyan rigar yaron ba.

Ita wannan mota, wadda Faransawa suka fara ƙerawa a 1960, da ƙanwarta 504 ta 1968, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, tayoyinsu na baya ne ke tura su, kuma a kan tayoyin nan ne hambirki yake kamawa, a kansu giya take riƙewa; saboda haka duk wanda ya raba su da ƙasa ya warware birki da giya a lokaci guda, ko ya sani ko bai sani ba, babu abin da ya rage tsakanin motar da gangarawa face wejin da aka danna wa tayoyin gaba, gabansu da bayansu. Yaran manyan motoci sun san darajar weji tun zamanin kakanninmu, amma a garejin nan ban ga ko ɗaya ba.

Shi kuwa jak na mai, ƙarfinsa duka ya rataya ne a kan wata 'yar roba da ke tsare man, wadda in ta tsufa sai ta saki ba sallama. Bulo kuma ba ya lanƙwasa balle ya yi gargaɗi, farfashewa yake yi nan take. Abin da hankali ya wajabta shi ne a nemi daɓe mai ƙarfi, ba rairayi ba, a sassauta notin taya tun tana ƙasa, a sa katako tsakanin kan jak da ƙarfen, a ɗaga sannu, sa'an nan a kafa turakun ƙarfe biyu ƙarƙashin hannuwan aksil, kusa da tayoyi, nesa da bututun birki, a sauke nauyin a kansu, a girgiza motar da hannu kafin kowa ya sunkuya. Mota mai shekara 50 kuwa, tsatsa ta riga ta ci wuraren da aka tanadar wa jak a gefenta, sai an ƙwanƙwasa an ji.

Da na faɗa wa mai garejin haka, sai ya ce, "Alhaji, rai ai a hannun Allah yake." Haƙiƙa haka ne, amma malamanmu ba su taɓa kiran barin sababi tawakkali ba, kuma yaron da iyayensa suka damƙa wa mutum domin koyon sana'a amana ne, wanda fiƙihu bai sauke lamuninsa daga wuyan mai sakaci ba. Ya yi shiru, ya aika maƙwabta aka aro turaku biyu, aka tsinto guntayen katako aka danne tayoyin gaba. Dukan aikin bai kai minti 10 ba, sa'an nan na saki rigar yaron.