Wasiƙa daga Sifaniya: mai son kallon Kofin Duniya na 2030 ya nufi Maroko

Yau maganar ƙwallo ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tun da FIFA ta tabbatar a Disambar 2024 cewa Maroko da Sifaniya da Fotugal ne za su karɓi baƙuncin Kofin Duniya na 2030, ƙannena da abokai suke ta aiko da saƙo iri ɗaya: "Yaya, a tanadar mana ɗaki, kuma a turo takardar gayyata." Maimakon in amsa wa kowa shi kaɗai, gara in faɗa a nan kowa ya ji.

Ra'ayina shi ne, duk wanda zai taso daga gida don kallon ƙwallo tsakani da Allah, to ya sa Maroko a gaba, ya bar zancen Turai. Ba rowar ɗaki nake yi ba, lissafi ne.

Gasar nan a takarda guda ɗaya ce, amma a bakin iyaka ba haka take ba. Sifaniya da Fotugal suna cikin yankin Shengen, biza ɗaya ta ishe su, Maroko kuwa tana da nata ƙa'idojin daban. Kuɗin neman bizar Shengen Yuro 90 ne tun 2024, kuma in an hana ka ba a mayar maka da ko sisi. Sai ka nuna inshorar lafiya ta Yuro 30,000, da shaidar masauki, da takardun banki, kuma fasfonka ya kasance yana da sauran wata uku aƙalla bayan ranar da za ka fita. Ba a karɓar takardun sai in tafiyar ta rage wata shida ko ƙasa da haka. Ga kuma wani tarko da mutane ba su lura da shi: in bizar shiga sau ɗaya aka ba ka, ka kalli wasa a Madrid, sannan ƙungiyarka ta tsallaka Tanja ka bi ta, to bizarka ta ƙare ke nan. Ba za ka dawo ba, ko da jakarka tana ɗakina.

Na san wasu za su ce ai a Rasha a 2018 katin 'yan kallo ya wadatar ba sai da biza ba, haka ma katin Hayya na Katar a 2022, wanda har jirgin ƙasa na cikin Doha kyauta ake shiga da shi. Gaskiya ne. Amma waɗancan ƙasa ɗaya ce ke yanke hukunci a kan iyakarta. Don gasar 2026 kuwa Amurka cewa ta yi tikiti ba biza ba ne, kowa ya je ya nema. Saboda haka kada wanda ya gina lissafinsa a kan wani rangwame da ba a yi masa alkawarinsa ba.

Maroko fa? Birane shida ta gabatar: Kasablanka, Rabat, Tanja, Fas, Marakesh da Agadir. Jirgin ƙasa mai gudu na Al Boraq, wanda ya fara aiki a 2018, yana haɗa Tanja da Kasablanka cikin awa biyu da 'yan mintuna, kuma yana tsayawa a Rabat. Wato mutum ya kama ɗaki a gari ɗaya, ya je kallo a wani garin ya dawo ya kwana. Abinci halal ne, masallaci a kowace unguwa, ba ruwanka da tambayar abin da aka sa a miya (wanda ya zauna a Turai ya san darajar wannan). Mu da ke nan mu ne za mu tsallako mu same ku, domin daga Tarifa zuwa Tanja kusan awa ɗaya ce a jirgin ruwa. Sai dai lokacin bazara ne 'yan Maroko mazauna Turai ke komawa gida hutu da motocinsu, tashoshin ruwa irin su Aljesiras cika suke yi maƙil, don haka mu ma sai mun yi namu shirin da wuri.

Sai maganar tikiti. A shafin FIFA ake sayensa, kashi-kashi, wasu kashin ma ƙuri'a ake yi tsakanin waɗanda suka nema, kuma tikitin a waya yake zuwa. Duk wanda ya ce maka yana da ɗan uwa a ciki, ka kawo kuɗi yanzu ya ajiye maka kujera, ka yi masa sallama ka wuce. Kada kuma a ɗora tafiyar a kan Super Eagles. Ghana ta fitar da su a Abuja a Maris 2022, Kwango ta fitar da su a bugun fanareti a Rabat a Nuwamban 2025, duk da an ƙara wa Afirka gurbi zuwa tara. Wanda ya sayi tikitin jirgi kafin a gama wasannin share fage kuma a raba rukuni, caca ya yi. Otal ma a kama irin wanda za a iya sokewa ba tare da asara ba, ko da ya ɗan fi tsada. Mutum huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su kama gida guda su riƙa dafa nasu, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ku fara adashi tun yanzu, wanda fasfonsa zai mutu kafin lokacin kuma ya san da haka.

Yanzu abin da ya fi damuna. Na san a cikin masu neman gayyatar nan akwai waɗanda ko sunan mai tsaron gidan ƙasarsu ba su sani ba, hanya kawai suke nema. A nan takardar gayyata a ofishin 'yan sanda ake yin ta, da sunana da adireshina da takardun gidan da nake haya, kuma ni ne na ɗauki nauyin baƙon. In ya ɓace, ni za a tambaya, kuma gobe in Inna ta tashi zuwa ganin jikokinta abin na iya shafar ta. Ku tuna 2018, lokacin da 'yan damfara suka sayar wa matasan Najeriya katin 'yan kallo da alkawarin aiki a Rasha, suka ƙare suna kwana a filin jirgin sama a Mosko, sai da gwamnati ta ɗauki nauyin kwaso su. Don haka Kawu, ka yi haƙuri, a kan wannan ba zan sa hannu wa kowa ba, ko ɗan wa ne. Amma duk wanda ya shirya Maroko ya sanar da ni, ina cikin masu haɗa kuɗin gidan, kuma in Allah ya kai mu ni zan zo da shinkafar.

A gaida mutanen gida baki ɗaya, manya da yara. Wassalam.