Zauren Iyali: Jirgin Yaƙi a Cikin Kwali

Kwanan baya mun ziyarci wani gida a Hadejia, bayan ruwa ya janye daga fadama, muka tarar da maigida da ɗansa mai shekara goma zaune kan tabarma, sun sa wani ɗan kwali a gaba. Tsaraba ce kawun yaron ya kawo masa daga tafiya. A bayan kwalin an zana jirgin sama yana aman wuta. Amma da aka buɗe, ba jirgi, sai gutsattsarin roba: ga fukafukai, ga farfela, ga tayoyi, da takardar da ke nuna yadda za a harhaɗa su da gam.

Sunan jirgin Hurricane. Kamfanin Hawker na Ingila ya ƙera na ainihin, ya fara tashi a 1935. Faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ƙafa 40 ne, yana ɗauke da bindigogi takwas. Na cikin kwalin an rage shi sau 72, watau faɗinsa santimita 17, bai cika taƙin babban mutum ba.

To, wannan jirgi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A zamanin yaƙin Hitila, hanyar Bahar Rum ta zama da hatsari ga Ingilishi, ga shi kuwa suna bukatar jirage a Masar. Sai suka riƙa kwance jiragen, su zuba cikin manyan akwatuna, jirgin ruwa ya kai su Takoradi, a ƙasar da ake kira Gana yanzu. Can ake ɗaura su, sa'an nan su tashi su bi ta Ikko, da Kano, da Maiduguri, da Hartum, har Masar. Ayarin farko ya tashi cikin watan Satumba 1940. Dubban jirage suka bi wannan hanya, kuma tsakanin Kano da Maiduguri ta kudu da ƙasar Hadejia suke wucewa. Ashe abin da uba da ɗa ke yi bisa tabarma, shi aka yi a Takoradi, sai dai nasu ƙarami ne.

Mun yaba da aikin, gama yana koya wa yaro haƙuri. In ka cika gam, robar ta narke; in ka yi gaggawa, fiffike ya karkace. Kowane guntu sai a bi lambarsa, a gwada shi tukuna kafin a liƙa. Iyaye mata kuma su lura, kada mai rarrafe ya tsinci guntu ya kai baki. Wanda ba shi da kawu mai kawo tsaraba kada ya damu. Yaran fadama sun daɗe suna ƙera mota da jirgi da karan dawa da ƙaya, ba takarda, ba lamba, nasu ma ya fi nuna basira.

Ana cikin liƙa fukafukai, yaron ya nuna ƙananan ramuka a gabansu, ya ce, "Baba, waɗannan fa?"

Uban ya ce, "Bakin bindiga ne."

"Ya kashe mutane ke nan?"

Uban ya ajiye gam, ya yi shiru kaɗan, ya ce, "I, ɗana. Domin haka aka yi shi. Wanda aka harbo yana da uwa, mai harbin ma yana da uwa."

Wannan amsa ce ta sa muka rubuta muku. Hoton bayan kwali yana nuna wuta da sauri, ba ya nuna gwauruwa ko maraya. In uba bai cika wa ɗansa sauran labarin ba, wa zai cika masa? Ba mu ce a ƙwace wa yaro abin wasansa ba, kuma ba mu manta cewa wannan jirgi ya taimaka aka ƙi Hitila ba. Amma a gaya masa duka biyu. Mutanen Hadejia ba sa bukatar a koya musu tsadar yaƙi, gama a 1906 Sarki Muhammadu da jama'a masu yawa suka kwanta dama ranar da Turawa suka ci garin. Daga baya kuma samarin Arewa suka tafi Bama, waɗansu ba su komo ba.

Da za mu tashi, jirgin ya tsaya da tayoyinsa, saura fenti. Uban ya ce gobe da la'asar za su kai wa kakan yaron ya gani, domin tsohon yana da labarin wani ƙanen mahaifinsa da ya tafi Bama. Ku ma, in irin wannan kwali ya shigo gidanku, ku zauna tare da yaron har a gama. Sai wata mai zuwa.