RA'AYINMU: Tallar Albasar Aliero A Wayar Salula

Duk wanda ya ratsa ƙasar Aliero da Jega da Maiyama da rani, lokacin cirar albasa, ya san irin arzikin da Allah ya yi wa wannan yanki na Jihar Kebbi. Ya kuma san kukan manoma, domin kuwa a lokacin ne farashi kan faɗi warwas. Manomin da ba shi da halin ajiya tilas ya sayar yadda dillali ya yanka masa, wanda ya ajiye kuwa yakan yi asarar wani kaso saboda ruɓewa. Can ƙarshen shekara sai albasar nan ta yi tsada a kasuwar Mile 12 ta Ikko, ribar kuma ta faɗa aljihun wanda bai taɓa riƙe fartanya ba.

Tushen wannan matsala shi ne rashin labari. Manomi bai san mai saye ba, mai saye bai san manomi ba, wanda ke tsakani shi ne ya san kowa. To, tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya kuma dandalin sada zumunta irin su Facebook da WhatsApp suka game gari, wannan shinge ya fara rushewa. A yau saurayi na iya ɗaukar hoton buhunan mahaifinsa a bakin gona, ya faɗi yawansu da farashinsu, kafin la'asar ɗan kasuwa a Ibadan ko Anacha ya gani ya yi tayi. Haka nan matar aure mai ɗinki ko mai ƙuli-ƙuli tana iya tallar kayanta ba tare da ta fita zaure ba.

Mu a namu ra'ayin, wannan abin maraba ne. Jega ta yi suna a fatauci tun ƙarni na 19, kuma abin da ya jawo mata fatake daga nesa shi ne sun tabbata za su sami kaya da amana. Dandalin intanet wata sabuwar rumfa ce kawai a cikin tsohuwar kasuwa, dokar ciniki kuwa ba ta sake ba.

Amma fa akwai abubuwa uku da ya wajaba a yi hattara da su. Na farko, zamba. Akwai masu aiko da saƙon banki na ƙarya su kwashe kaya, akwai kuma masu nuna hoton albasa tsala-tsala su ɗora ruɓaɓɓiya a mota. Ko da yake dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci, mutumin ƙauye ba shi da sukunin zarya a kotu. Kada a saki kaya sai an tabbatar kuɗi ya shiga asusu, kada kuma a tallata abin da babu shi, domin mutum ɗaya ya yi ha'inci, sunan gari duka ne ya ɓaci.

Na biyu, rumfar nan ta aro ce. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp sun ɗauke na kusan awa 6 a duniya baki ɗaya, kuma daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter. Kayan aro ba ya rufe katara. Ɗan kasuwa mai hankali zai rubuta sunayen abokan cinikinsa da lambobinsu a littafi, ya kuma riƙe mutanensa na kasuwa da kyau.

Na uku, hoto ba ya ɗaukar buhu. In babu rumbun ajiya mai iska, da hanya mai kyau daga fadama zuwa titi, tallar banza ce.

Saboda haka muna kira ga ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006 a tsakiyar gonakin nan, su rage ɓata lokaci wajen gardama da zage-zage a waya, su koya wa iyayensu da ƙungiyoyin manoma yadda ake talla da ajiye lissafi. Ƙananan hukumomin nan uku kuwa su umurci malaman gona su riƙa tattara farashin kasuwanni kowane mako suna aika wa manoma da Hausa, da murya saboda waɗanda ba su karatun boko.

Ma'aikatan gwamnati kuma muna tuna musu cewa tsarin mulki na 1999 ya hana ma'aikaci gudanar da kasuwancin kansa in ban da noma. Wanda ke da gona ya tallata amfaninsa bayan an tashi daga aiki, amma ba daidai ba ne jama'a na jira a bakin ofis shi kuwa yana ciniki a waya.

Manomi ya yi nasa a fadama. Saura masu ilmi da masu mulki su yi nasu kafin cirar albasa ta gaba.