Gwalalo: Ramin da Ya Tsare Gari

A littattafan tarihinmu muna ganin hoton fadar Bodiam ta Ingila, wadda aka gina a 1385, ruwa ya zagaye ta ta kowane ɓangare. Mu ma muna da irin wannan dabara a ƙasar Kano, sai dai tamu gari guda take rufewa, da kasuwarsa da rijiyoyinsa har da gonaki. Fadar Bature kuwa mai gida da dakarunsa kawai take karewa.

Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar Kano. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Abin da ya fi burge mu shi ne lissafin maginan. Ƙasar da za a ɗora ganuwa a gindinta ake haƙo ta, ta waje. Ganuwa na tashi, rami na zurfi, aiki ɗaya ya ba da kariya biyu. Wannan rami shi ne gwalalo. Da damina ruwa ya kwanta a ciki, a kuma bar sarƙaƙiya ta cika shi, yadda doki ba zai tsallaka ba, mai tsani kuma ba shi da wurin kafawa. Ƙofofin ma da gangan aka matse su, don kada mahara su shigo a jere. An bar filin noma a ciki saboda ko an yi wa gari ƙawanya, ba za a mutu da yunwa ba.

Mu da ke nan kudu, Rurum da Rano da Kibiya, labarin ya shafe mu. Rano na cikin Hausa Bakwai, kuma a ƙarni na 19 hare-haren Ningawa sun addabi wannan yanki. Igwa ce ta karya lagon ganuwa: a 1903 sojojin Kanar Morland sun fasa ƙofar Bebeji, maƙwabciyarmu, kafin su ci Kano ranar 3 ga Fabrairu.

Yau ba igwa ke cin ta ba. Masu ɗiban ƙasar gini ne, da masu yanka filaye, gwalalo kuma ya zama bola. Hutun nan, mu sami dattijon unguwa ya nuna mana inda ganuwar garinmu ta bi da sunayen ƙofofinta. Mu auna abin da ya rage da taku, mu zana a littafi, mu kai wa malamin tarihi idan an koma makaranta.