Shanu Sun Ƙoshi, Mutane Na Kwana da Yunwa

Raina yana ɓaci duk sanda na ji an kira talakawan Ailan da suka riƙa kore shanu tsakanin 1906 da 1909 'yan ta-da-zaune-tsaye. A fara tambaya tukuna: wa ya soma zaluncin?

Yunwar da ta faɗa wa ƙasar a 1845 ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya. Maimakon tausayi, masu ƙasa da dama suka rushe gidajen 'yan haya, suka mai da gonaki makiyaya, don naman shanu ya fi kawo kuɗi a kasuwannin Ingila. Filaye masu albarka na Meath, Westmeath da Roscommon suka koma hannun attajiran masu kiwo, wasunsu ma masu kantuna ne a cikin gari. Hayar wata 11 ake ba su, da gangan, don kada doka ta ba kowa haƙƙin zama a filin. Talaka kuwa yana can yamma yana fama da dankali a tsakanin duwatsu. Duk wannan bisa doka aka yi shi, kuma ba wanda aka ɗaure!

Dokar Wyndham ta 1903 ta taimaki ɗan haya ya sayi gonar da yake nomawa. To, wanda ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa fa, ina zai sa kansa?

Da tura ta kai bango, Laurence Ginnell, ɗan majalisa daga Westmeath, ya nuna hanya. Cikin dare a buɗe shinge, a kora shanun kan titi su watse, mai su ya wuni yana nema. Ba sata ake nufi ba. Ana so ne kiwon ya zama asara har a raba filin ga mabukata. Nan da nan hukuma ta farka, aka tura 'yan sanda, aka yanke wa Ginnell ɗaurin wata shida a 1907. Wato ɓatan shanu ya fi korar iyali ɗaga hankalin gwamnati.

A 1909 dokar Birrell ta ba da ikon sayen wasu filaye ko mai su bai so ba, don a raba wa mabukata. Ashe tun farko ana iyawa! Gwamnatin da ta toshe kunne ga kukan jama'a har sai da shanu suka cika titi, ita ce mai laifi, kuma ita ya kamata tarihi ya gurfanar.